Littattafan Farfesan Falo

Idan ana lissafa masoya karatu a unguwar nan, wajibi ne a fara da Farfesan Falo, sannan a ɗan huta kafin a ambaci wani. Sana'arsa sayar da tayil na daɓen ɗaki ce, amma wannan kuskure ne na ƙaddara. Maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har yana gyara wa wanda bai faɗa daidai ba.

Kowa ya shiga falonsa sai ya yi shiru. Kabad ne na gilashi daga wannan bango zuwa wancan, maƙare da littattafai. Kafinta ya fara auna bangon, sannan Farfesa ya je kantin littattafai da awon a hannu ya ce a cika masa. Ya jera su yadda yake jera kaya a shago, jajaye gefe guda, shuɗaye gefe guda. Wani ƙamus da ya fi 'yan uwansa tsayi bai samu shiga ba, don zai ɓata layi. Mabuɗin kabad kuwa yana aljihunsa, kusa da zuciya.

Kowace Asabar akwai Zaman Karatu. Uwargida da yara uku su zauna a kan darduma, shi ya tsaya gaban kabad ya harɗe hannuwa a baya.

"Al'ummar da ba ta karatu ta mutu," in ji shi. "Ni da kuke gani, littafi ne abincina, littafi ne matashin kaina. Ke Auta, ɗauke hannunki daga gilashin nan, za ki bar masa shaida!"

Haka zai yi ta zuba har lokaci ya ƙare, a tashi ba a buɗe ko bangon littafi ɗaya ba. Yaran sun iya yin barci ido buɗe, kuma a wannan zaman suka ƙware.

Abin da ke hana shi sukuni guda ne. Makarantar yaran za ta ba da lambar Uban Karatu ga mahaifin da ya fi kowa karanta wa 'ya'yansa. Farfesa ya riga ya buga ƙusa a bango inda zai rataye ta. Da ya ji shugabar makaranta za ta zo gida da malamai biyu su gani da idonsu, ya sayi tabarau, alhali idonsa garau yake.

Ranar da baƙin suka zo da yamma, ya buɗe kabad da bismilla. Ya zaro wani siririn littafi mai hoton ɗan akuya, don ya ga ba zai ja lokaci ba.

"Wannan na haddace shi tun kafin a haifi yaran nan," ya ce. "A rufe ma zan iya karanto shi, amma bari mu bi ƙa'ida."

Ya gyara murya ya fara, yana ɗaga yatsa a ƙarshen kowace jimla. Labarin ɗan akuya ne mai rashin ji, wanda ya bar uwarsa ya bi malam-buɗe-littafi har ya faɗa tsohuwar rijiya. Ga hadari ya haɗu, ga ruwa ya fara taruwa a ƙasan rijiyar. A shafi na gaba yatsan ya sauka. Can kuma muryar ta ragu, ta koma ƙunƙuni, ta ɗauke ɗif. Farfesa ya cire tabarau don yana tare masa gani, ya kifa kai, leɓɓansa suna motsi. Baƙi suna jira, yara suna jira, shi kuwa yana can cikin rijiya.

"Kai! Ruwan ya kai masa wuya!" ya faɗa da ƙarfi, ya dafe ƙirji. Tsoro ne na gaskiya ya kama shi. "Wane marar imani ne ya rubuta wannan? Auta, zai fita kuwa?"

"Zai fita, Baba. Mama ta aro mana irinsa, ta karanta mana a kicin. Jaki ne zai..."

"Yi shiru! Kada ki ɓata mini!"

Malaman biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Uwargida ta tura wa baƙi faranti ta ce, "Ku yi masa uzuri, yau ya fara."

Shugabar makaranta mace ce mai kirki. Ta miƙe ta gyara jaka, ta jira har ya ɗago da jajayen idanu.

"Farfesa, lambar Uban Karatu kam sai dai wata shekarar," ta ce. "Amma muna da ƙaramar kyauta ta fensir da alawa ga duk wanda ya gama littafinsa na farko. Idan ka kai ƙarshe kafin Litinin, ka zo da wuri ka shiga layin 'yan aji ɗaya."