Layar Zanar Haladu Mai Turare

Mutanen duniya ba su da godiya, in ji Haladu Mai Turare, kuma duk wanda ya ji abin da abokan tafiyarsa suka so yi masa a dajin Lame zai ce yana da gaskiya, ko da rabi ce.

Lokacin da ake yayin tattaki ne, kowa ya ci zaɓe sai ka ji wasu sun ɗaura takalmi sun nufi Abuja a ƙasa don yi masa murna. Haladu ya ga ba zai yiwu a riƙa nuna fuskokin wasu a talabijin ba, alhali tasa tana nan Ningi, ga gashin baki ga wushirya, ba mai kallo sai masu sayen turare. Sai ya zuga taubashinsa Cindo da Jatau mahauci, ya ce su ma su je su gaida gwaninsu da ya ci zaɓe. Ya ƙara da cewa kwalta tana dafa tafin ƙafa, ta daji za su yanke.

"Ta daji?" in ji Cindo. "Kai da ko ɓera ya shiga shagonka sai ka hau benci?"

Haladu bai kula shi ba. Ya zaro layu daga aljihu, ya ce layar zana ce, gadon kakansa maharbi, duk wanda ya ɗaura ta naman daji ba ya ganinsa ko da zai taka masa wutsiya. Kakan nan, in za a bi diddigi, marini ne, bai taɓa kashe ko gafiya ba, amma wa ya tambaya? Ya ba su ƙanana, shi ya ɗaura uwar a damtse. Sharaɗinta ɗaya ne: mai riƙe da uwar ba ya ɗaukar kaya, nauyi yana karya ta, in ta karye kuwa 'ya'yan ma sun tashi aiki.

Haka aka kama hanya. Jatau da tukunya da guzuri, Cindo da jakarsa da ta Haladu, wadda ke cike da kaftani da kwalaben turare da madubi. Haladu na gaba da lema, yana ɗauke da nauyin da ya fi kowanne, wato rayukansu, kamar yadda yake tuna musu duk sa'ad da suka fara haki.

Da suka nutsa cikin dajin, sai wata rana garken gwaggon biri ya tare su a bakin rafi. Wani ƙato mai jan gindi ya taho a tsanake kamar mai karɓar haraji, ya fizge jakar ƙuli-ƙuli daga hannun Jatau, ya bar masa yaƙushi a gwiwar hannu, ya haye dutse yana ci yana kallonsu.

"Malam Haladu, ya gan ni fa," in ji Jatau, yana busa ciwon.

"Jaka ya gani tana tafiya a iska. Na ce maka na ɗinka wa jaka laya ne?"

Jatau ya gyaɗa kai ya koma busa ciwonsa, don maganar ta shige shi.

Gaba kaɗan Cindo ya jingina da wata kuka mai kogo, zuma ta yi masa caa. Kafin ya kai ga ruwa leɓensa ya zama kamar na raƙumi, ido ɗaya ya rufe ruf. Da ya samu bakin magana ya tambayi ina aikin laya. Haladu ya ce zuma ba da ido take aiki ba, ƙanshi take bi, kuma wa ya aiki Cindo ya saci turarensa ya shafa? Cindo kuwa ya shafa ɗin. Ya haɗiye maganar, amma ya ajiye ta a ransa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Sun sauka karyawa, Haladu ya ce a miƙo masa madubi, don ya ji an ce akwai ƙauye a gaba, kuma ba ya shiga gari da gashin baki a hargitse. Ya sami wani tudun jar ƙasa mai kyaun haske, ya tsaya a gabansa ya raba ƙafa, yana murza gashin baki yana yi wa kansa kirari ƙasa-ƙasa. Bai lura da cewa tudun bakin rami ne ba. Mugun dawa kuwa, aladen dajin nan mai haure, da baya yake shiga raminsa, don in ya tashi fita ya fito da gudu.

Ya kuwa fito. Abin da Haladu ya sani shi ne sama ta koma ƙasa. Lema ta yi gabas, madubi ya yi yamma, shi ya dawo tim a kan ƙaya, mugun dawa ya ɗaga wutsiya kamar eriyar mota ya ɓace cikin ciyawa. Wandon shadda ya tsage har ƙugu, haure ya zana masa layi a cinya, idon sawu ya kumbura nan take.

"Wayyo, ya kashe ni! Jatau, dubi fuskata, ta taɓu?"

Jatau ya duba cinyar da idon mai sana'a. "Fata ce kawai, bai kai tsoka ba. Na sha yin yankan da ya fi wannan." Ya buɗe jaka ya ɗauko kwalbar turaren da Haladu ya tanada don ranar shiga Abuja, ya tuttule a kan ciwon. Ihun da Haladu ya yi, har yau bai faɗi ko na zafi ne ko na asara ba. Aka ɗaure da hannun kaftani. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Sai a goya shi ke nan, ga ƙauyen da nisa, ga rana ta fara zafi. Nan ne butulcin ya bayyana. Cindo ya sauke jakunkuna, ya nemi inuwa ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"Taso mana, ɗan'uwa," in ji Haladu, da muryar da bai taɓa yi wa Cindo magana da ita ba. "Jini ɗaya muke fa."

"Jinin ne nake gani yana zuba," in ji Cindo ta cikin kumburarren leɓe. "Tun daga Ningi nake dakon kayanka saboda layar nan. Biri ka ce jaka ya gani, na haƙura. Zuma ka ce hanci gare ta, na haɗiye. To wannan fa? Ba ka riƙe da ƙuli-ƙuli, ba ka ɗauki ko allura ba, uwar layar tana damtsenka. Ka ba ni amsar da za ta shiga kaina, in goya ka har ƙauye. In babu, ga ruwa ga lema, ka jira mai ramin ya dawo ya kai ka."

Jatau ya gyaɗa kai, ya ce shi ma yana son ji.

Haladu ya dubi ramin, ya dubi hanya, ya dubi bayan Cindo mai faɗi kamar tabarma. Ya kakkaɓe ƙasa daga gashin bakinsa, ya murza shi ya miƙe, sannan ya girgiza kai irin na wanda aka zalunta.

"Kaicona da tafiya da jahilai. An nuna muku aikin laya a gaban idonku, kuna tambaya. Da ya gan ni, ai da ya kauce."