Kajin Maman Hafsa da Garin Gashi

Da na yi ritaya, sai na naɗa kaina masanin abincin kajin matata, Maman Hafsa. Kajin ƙwai ne a bayan gidanmu a Ƙofar Na'isa, ita ta raine su tun suna 'yan tsaki.

Na gani a waya cewa gashin kaza ya fi waken suya furotin. Ban ƙarasa karantawa ba. Ashe a ƙasa an ce cikin kaza ba ya narkar da shi sai an dafa shi a inji na musamman. Na kwaso buhu guda wajen masu fige kaji, na shanya, na kai niƙa.

"Malam, mu gwada da biyu tukuna mana," in ji ta.

Na ce, "Ke dai tanadi kiret na ƙwai." Na zuba wa kajin duka garin.

Ƙwai ya ɗauke. Kajin suka rame, suka koma figar juna, wasu suka mutu. Ba ta yi mini faɗa ba. Na tarar da ita a tsugune tana share hawaye. Da ma zagina ta yi.

Har yau in na je aski, wanzamin sai ya nuna gashin da ke ƙasa ya ce, "Malam, a share, ko a ƙulle maka?"