Rajistar Barcin Rana

Shekarar da ma'aikatarmu ta koma Abuja muka kama haya a Suleja, malamin makaranta ya aiko da takarda cewa 'yata Hadiza tana gyangyaɗi a aji. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake riƙe da fayil-fayil na ofis guda, ba za a ce gidana babu tsari ba.

Na sayi sabon littafi, na ja layi da rula, na kafa doka: daga ranar Asabar kowane yaro zai yi barci bayan Azahar, ni kuma zan rubuta lokacin da ya rufe ido.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, kai da kake sammakon bin mota kullum, bar mini wannan aikin."

Na ce, "Sa ido ba aikin wakilci ba ne."

Ranar Asabar ɗin na kwanta a tabarma tsakanin yaran domin in nuna musu yadda ake yi. Kiran sallar Magariba ne ya tashe ni. Yaran suna ƙofar gida suna wasa, littafin yana kan ƙirjina da rubutun Hadiza: "Baba, ƙarfe biyu. Da minshari."

Har yau idan na yi hamma, sai uwarta ta ce, "Hadiza, kawo rajista."