Yadda Za Ka Zama Masanin Fim Ba Tare Da Ka Kalli Ko Ɗaya Har Ƙarshe Ba

Kai da kake zama a ƙarshen benci ana hirar fim, bakinka a rufe kamar an ɗinke shi, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki. Na yi maka alkawari, nan ba da jimawa ba, ba mai ƙara cewa fim ya yi daɗi sai ya saci kallonka tukuna. Hanyar gwadaddiya ce. Da ita wani mai shagon buga takardu a layinmu ya yi suna, har ake ce masa Alƙali saboda saurin yanke hukunci.

Mataki na 1: Ƙi abin da kowa ke so

Jira sai an gama yabo, sannan ka taɓe baki. Ranar da tela da mai aski suka zauna a ƙofar shagon Alƙali suna ba juna labarin wani fim ɗin faɗa, har tela yana miƙewa yana gwada naushi, Alƙali bai ko ɗago kai daga kan injin ba. Cewa kawai ya yi, ai irin wannan don yara ake yi. Tela ya koma ya zauna a hankali. Ka lura, jin daɗi alamar ƙarancin ilimi ce.

Mataki na 2: Tanadi kalmomi

Haske, sauti, da "saƙon da ke ƙarƙashi". Sun ishe ka har tsufa. Fim ɗin soyayya, ka ce hasken ya yi yawa. Na ban tsoro, ka ce sautin ne ya kashe shi. Na barkwanci kuwa, tambayi masu dariyar ko sun gane saƙon. Ba wanda zai ce ka faɗe shi, don kowa na tsoron a ce shi ne bai gane ba.

Mataki na 3: Kada ka wahalar da idonka

Farkon fim da hoton da ke jikin talla sun wadatar. Alƙali bai taɓa wuce inda jarumi ke shiga mota ba tare da barci ya ɗauke shi ba. In an tambaye ka wanne kake so, ambaci wani tsoho marar launi, da wani yare, wanda ka ce ba a samunsa yanzu.

Mataki na 4: Kai aikin gida

Masani ba ya hutu. Matar Alƙali ma'aikaciyar jinya ce, tana wuni a tsaye kan marasa lafiya. Abin da take so a duniya bai wuce ta dawo, ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa a kujera, ta kalli fim ɗin da zai sa ta hawaye ba. Shi kuwa sai ya tsaya a bayanta, hannu a ƙugu, yana nuna mata inda aka yi kuskure. Kukan jarumar na ƙarya ne, ruwan saman da tiyo aka yi shi, mutumin nan kuma daga gani mutuwa zai yi. Ta roƙe shi ya bar ta ta gani da idonta. Ya ce taimakonta yake yi, don kada ƙwaƙwalwarta ta yi tsatsa.

Yi haka kullum. In ta kashe talabijin ta shige ɗaki, ka ci nasara.

Mataki na 5: Kada ka taɓa cewa "ban gani ba"

Wata rana yayan matar ya zo ziyara da iyalinsa, ƙanwarta ma tana nan. An ci abinci, hira ta faɗa kan fim, Alƙali ya gyara zama. Matar tana kwashe kwanuka ta ce masa, cikin ladabi:

"Maigida, me ka gani game da Takalmin Marigayi?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce ya gan shi tun fitowarsa. Farkon ba laifi, amma tsakiyar ta yi sanyi, kuma an ɓata hasken wurin jana'izar. Ya ƙara da cewa kashi na biyu ya fi ma'ana, sai dai ba kowa zai gane ba. Yayan yana ta gyaɗa kai.

Ta ajiye kwanukan ta ce, "Yaya, babu fim mai wannan suna. Ɗazu na ƙirƙire shi ina yanka albasa."

Ƙanwar ta toshe baki da gyale ta yi waje. Yayan ya duƙar da kai yana ta duban agogonsa, kafaɗunsa suna rawa.

Mataki na 6: In an kama ka, ƙara ƙaimi

Kada ka ba da haƙuri, masani ba ya kuskure. Alƙali ya ce da ma ya sani, gwada su yake yi. Kafin ya buɗe shago washegari labari ya riga shi isa layi. Tela ya leƙo ya tambaye shi, da fuskar mutunci, ko an sa ranar fitowar kashi na uku.

A gida kuwa an samu zaman lafiya irin wanda bai nema ba. Matar ta daina kunna talabijin. A waya take kallo yanzu, abin sauraro a kunne, ta juya masa baya. Yana zaune gefenta yana ganin tana dariya ita kaɗai, wani lokacin tana share ido. Ya daure, ya daure, ran nan dai ya taɓa kafaɗarta ya tambaya me ya faru, yarinyar ta gane mahaifinta ne?

Ta zare na kunne ɗaya, ta dube shi.

"Ba zai yi maka ba, Maigida. Irin namu ne."

Ta mayar da shi kunnenta.

Gargaɗi

Mai wannan jagora alkawarin suna ya yi maka, bai ce wane iri ba. Duk wanda abokai suka daina kira, ko surukai suka sa masa sabon laƙabi, ko ya wayi gari yana leƙen wayar matarsa ta saman kafaɗa, kada ya neme ni. Ni ma ban karanta matakan nan har ƙarshe ba.