Yadda Jatau Ya Riƙe Sirrin Yayansa

A garinmu Tudun Ƙirya akwai wani gida mai mutum uku: Malam Mati dillalin awaki, dattijo mai kunyar tsiya, da matarsa Kande, sai ƙanensa Jatau. Jatau ya ba arba'in baya, ƙato ne, zuciyarsa fara tas, amma duk abin da ka ce masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni dai ban taɓa iya fushi da shi ba. To, da girma ya zo wa Malam Mati, sai fitsari ya fara yi masa gardama. Ya shiga bayi ya daɗe yana nishi, ɗan ɗigo ya fito, mara kuwa tana nan a cike. In an ambaci asibiti, ya ce shi da furfurarsa ba zai kwance wando a gaban likita sa'an ɗan cikinsa ba.

Wata rana Kande ta jiyo a gidan biki cewa ƙarar zubar ruwa tana kiran fitsari. Ta ce, "Jatau, duk inda yayanka ya tsuguna, ka riƙa tsiyaya ruwa yana ji." Jatau ya ɗauki buta da kwano ya bi shi har kasuwa. Malam Mati ya tsuguna zai nuna wa mai saye hantsar akuya, sai ya ji shaaa a bayan kunnensa. Shi ko ɗigo bai zo masa ba. Akuyar ce ta amsa kira, ta jiƙe wa mai sayen takalma sharkaf, ciniki ya watse.

Wata rana kuma Kande ta ce, "Yana kwance, samo wani abu mai ɗumi ka ɗora masa a mara." Jatau ya zaga gida yana taɓa kaya, bai sami abin da ya kai kazar da ke kwanci ɗumi ba. Ya ɗauko ta ya danne a cikin yayansa. Kaza ta fusata ta kai sara, Malam Mati ya zabura ya fito tsakar gida yana salati, Kande ta yi dariya har da riƙe bango.

Jatau ya ce, "Yaya, ka koma, ba ta huce ba tukuna."

Wata rana, ranar sunan jikan Malam Mati, abin ya daina zama na dariya. Tun jiya ko ɗigo bai fito ba. Mara ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, yana zaune cikin baƙi a ƙofar gida yana murmushin dole, gumi na tsattsafo masa. Jatau ya matso.

"Yaya, ya toshe ne gaba ɗaya?"

Malam Mati ya damƙi hannunsa. "Kada ka kuskura ka gaya wa kowa a garin nan."

Jatau ya ce to. Amma maganar ta tsaya masa a ƙirji, don yana son yayansa. Sai ya kama hanya, ya ƙetare rafi, ya isa Gidan Barmo, garin da ke maƙwabtaka da mu, ranar kuwa kasuwarsu na ci. Ya hau kan buhun gero ya buɗe murya: "Jama'a, ku ba 'yan garinmu ba ne, saboda haka ku ji! Fitsarin Yaya Mati ya toshe tun jiya!"

Cikin masu dariya akwai Malam Isiyaku, ma'aikacin ƙaramin asibitin garin, ya fito sayen albasa. Shi bai yi dariya ba. Ya je ya ɗauko jakarsa, ya goya Jatau a babur. Da suka iso, a ɗaki ya danna marar Malam Mati, ya yi masa tambayoyi, ya zura masa siririyar roba ta hanyar fitsari. Fitsari ya yi ta zuba har ya kusa cika ƙaramin bokiti, dattijo kuwa sai hamdala yake yi yana hawayen daɗi.

Malam Isiyaku ya ce, "Baba, akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin mafitsarar namiji, in an manyanta yakan kumbura ya matse hanya. Maganin murar da ka ce ka sha shekaranjiya shi ya ƙarasa toshe ta. Da ka ƙara kwana haka, da abin ya taɓa ƙoda. Gobe sai babban asibiti, a ɗauki hoto a gwada jini."

Da suka fito, rabin kasuwar Gidan Barmo ta biyo sawu zuwa sannu. Malam Mati ya harari ƙanensa. "Jatau, me na ce maka?"

"Wallahi Yaya, ban gaya wa ɗan garin nan ko ɗaya ba. 'Yan garinmu ma a bakin baƙi suka ji."

Malam Mati ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya hango dattawa uku, sa'o'insa, waɗanda kullum suke zama tabarma ɗaya, sun ja Malam Isiyaku gindin bango suna raɗa, kowa hannunsa a mara. Ya kece da dariya, ya ce, "Kande, cinyar ragon sunan nan a ba Jatau."