Ranar da Na Kai Garar Yaya Binta Gonar Dawa

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba na jin zan manta da ranar da aka kai garar Yaya Binta daga Rano zuwa Kahu. Har yau idan aka miƙo mini alkaki sai na ji kunya ta ɗan taɓa ni.

A shekarun da aka dawo mulkin farar hula, akwai wani shagon gem, wato wasan talabijin, a bayan tasha. Mai shagon yana sayo tsofaffin na'urori 'yan gwanjo daga Kano, waɗanda Turawa da Japanawa suka gama yayinsu, irin masu kaset ɗin nan da sai an hure shi kafin ya kama. A cikin kasusuwan akwai na tseren mota a titunan wani birni, rubutunsa duk zane-zane ne, babu mai iya karantawa. Ni ne gwanin wannan kaset. Ina kurɗawa tsakanin motoci, matasa suna ihu a bayana, kaina yana ƙara girma. Da aka kawo shari'a aka fara sa wa irin shagunan ido, sai muka riƙa rage ƙarar talabijin, amma ba mu rage zuwa ba.

Burina a duniya shi ne Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, ya ba ni tuƙi. Yana da motocin haya biyu masu zuwa Kano da wata akori-kura. Na ishe shi da cewa na iya mota. (Gaskiyar magana, iyakar tuƙina shi ne in matsar da akori-kurar daga gindin darbejiya zuwa bakin rijiya idan za a wanke ta. Sauran ilimin duk na shagon gem ne.)

Ranar gara, da hantsi, mata suka loda wa akori-kurar fanteka-fanteka na alkaki da nakiya da dubulan, ga buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa. Gwaggo Ladi, wadda ita ce shugabar tafiyar, ta haye baya ta zauna a tsakiyar kayan don ba ta yarda da kowa ba. Sai Kawu ya miƙo mini mukulli.

"Ga shi, direba. Ka kai mu Kahu lafiya, in ba ka motar Kano bayan sallah."

Na karɓa da hannu ɗaya, har da ɗan juya mukullin a yatsa.

Cikin gari ban sha wahala ba, don hanyar ƙasa ce, kowa tsakiya yake bi. Muna hawa kwalta sai jikina ya tuna karatunsa. Ashe a ƙasar da aka yi kaset ɗin nan hagu ake bi, ni kuwa na shekara ina bin hagu ina cin tsere. Na kwanta a hagu hankalina kwance, na ƙara wuta.

"Koma hannunka," in ji Kawu.

"Ai ina hannuna, Kawu."

Wallahi haka na ce masa, da cikakken tabbaci. Sai ga wata babbar mota ta taho da lodin itace, tana haska mini fitila da rana tsaka. Har na ji haushin direban, na ce a raina wannan bai san doka ba.

"Birki! Taka birki!"

A gem kuwa da babban yatsa ake kama birki. Ƙafata ba ta ko motsa ba, yatsana ne ya danne tsakiyar sitiyari iya ƙarfinsa. Hon ya ɗauki kuka, mota ba ta rage gudu ba. Kawu ya fizgi sitiyarin, muka gangara gefen titi, muka kutsa gonar dawa, kara yana ta dukan gilashi har motar ta mutu da kanta a kan kunya. Ni kuwa har lokacin ina danne da hon.

Na fito daga motar. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni. Amma Gwaggo Ladi tana zaune a bayan mota, fantekar nakiya a cinyarta, ɗankwali ya koma ƙeya, alkaki ya watsu a kunyoyi uku. Mai gonar ya taho da fartanya a kafaɗa, direban itace ma ya tsaya ya sauko.

"Yaro, a wace ƙasa ka koyi mota?" in ji direban.

Gwaggo ce ta amsa masa. "A talabijin, ɗan nan. A talabijin ya koya, mu aka samu na gwaji."

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Na tsuguna ina tsince alkaki ina karkaɗe masa ƙasa, hawaye yana ɗiga, na san maganar motar Kano ta mutu. Kawu ya ba mai gona haƙuri, aka taru aka turo motar kan titi. Na miƙa masa mukulli kaina a sunkuye.

Bai karɓa ba.

"Shiga ka ƙarasa mu," ya ce. "In ka sauka yau, ba za ka ƙara hawa ba har abada. Dama za ka bi. Birki yana ƙasa, inda Allah ya sa ƙafarka."

Gwaggo ta yi salati, ta ce ita a ƙasa za ta ƙarasa. Kawu ya lallashe ta da ƙyar. Haka na ja mu a giya ta biyu har Kahu, wani dattijo a kan keke ya wuce mu, har ya ɗaga mana hannu.

Bayan sallah ban samu motar Kano ba. Abin da na samu shi ne kujerar kusa da Kawu, kullum da safe, har ya gamsu da ƙafata. Sai da shekara ta zagayo ya ba ni motar, kuma da tuƙin nan nake ciyar da iyalina yau. Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya saka masa da Aljanna. Ya fi ni sanin girman wautata, amma ya bar mukullin a hannuna.

Darasin da na ɗauka ba shi da tsawo. Duk abin da aka kawo maka daga wata ƙasa, kafin ka ce ka ƙware a kansa, ka fara tambaya ta wane hannu mutanen can suke bi.