Takardar Mai Wayarin

Da zan sa wuta a sabon gidana na Bodinga, matata ta ce in nemi mai lasisi. Na ce ai ni ba a yi mini wayo.

Wani mai wayarin ya zo daga Shagari, na ce sai na ga takardar shaidarsa. Tabarauna yana mota, amma na ga hatimi da hotonsa. Na ɗaga ta sama, na gyaɗa kai, na ce, "Ta yi."

Ranar walimar tarewa surukina ya dafa ƙofar ƙarfe, wutar lantarki ta fizge shi har hularsa ta faɗi. Ya tafi bai ci komai ba.

Washegari ma'aikacin da ya zo duba aikin ya nemi takardar. Na miƙa masa kwafinta da gadara. Ya karanta, ya dube ni.

"Alhaji, wagga takarda ai ta koyon allurar shanu ta."

Sai da aka sake wayarin gaba ɗaya. Na gaji da bayanin tabarau, ba mai saurare. Yanzu ko saniya ta yi tari a unguwa, sai abokaina su kira ni: "Sifeto, taimaka muna da lambar injiniyanka."